Tsakanin SO da SOS: Darasi a kan Morse da Rediyon Masu Sha'awa

Kafin mu shiga darasin wannan fitowa, ga tambaya: me ya sa Bahaushe yake cewa "buga waya"? Wadda ke aljihunka ai ba bugunta kake ba, shafa ta kake yi, kuma ko zare ɗaya na waya babu a jikinta. Me ya sa kuma ake kiran ofishin aika wasiƙa "gidan waya"? Amsar tana wajen tangaraho. Tun kafin tarho ya yaɗu, Turawan mulkin mallaka sun kafa turaku sun ja waya daga gari zuwa gari, jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911 shi ma da tasa wayar ya zo a gefen dogo. A ƙarshen wayar akwai akawu zaune gaban wani ɗan maɓallin ƙarfe, yana bugunsa da yatsu, saƙo yana fita. Bugu ne na gaske. Na'urar ta tafi, kalmar ta zauna a bakinmu.

Abin da akawun nan yake bugawa shi ake kira Morse. Ni ɗalibin sashen lantarki ne, ajin ƙarshe, kuma zan kawo muku asalinsa, da ƙa'idarsa, da yadda ake haɗa na'urar koyonsa, da inda ake jin sa a iska har gobe. Na kuma san halinku: in babu soyayya a ciki, rabinku ba za su kai ƙarshen shafi ba. To akwai ta, kuma ta gidanmu ce.

DAGA INA YA FITO?

Samuel Morse Ba'amurke ne, asalin sana'arsa zane. A 1825 yana birnin Washington yana zana hoton Janar Lafayette na Faransa, sai wasiƙa ta iske shi cewa matarsa ta rasu a New Haven. Kafin ya isa gida har an binne ta. Saƙo a lokacin ba ya wuce gudun doki. Bayan shekaru, shi da abokin aikinsa Alfred Vail suka haɗa na'urar aika saƙo ta waya, kuma ranar 24 ga Mayu 1844 suka aika saƙo daga Washington zuwa Baltimore, tazarar kimanin kilomita 60, cikin ƙiftawar ido.

Tsarin da duniya ke amfani da shi yau ba ainihin na Morse ba ne. Wani Bajamushe, Friedrich Gerke, ya gyara shi a 1848, sannan ƙasashen Turai suka ɗora a kan gyaransa a taron Paris na 1865, taron da ya haifi ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU. A Disambar 1901 Marconi ya ba da sanarwar cewa ya ji harafin S a gaɓar Kanada, an aiko shi daga Ingila ba tare da waya ba. A 1906 aka amince da SOS a Berlin a matsayin kiran neman agaji, jirgin ruwan Titanic ya buga shi a 1912, kuma jiragen ruwa ba su ajiye Morse a hukumance ba sai ranar 1 ga Fabrairu 1999.

Ku dubi SOS ɗin nan da kyau: gajeru uku, dogaye uku, gajeru uku. Gajeru uku S ne, dogaye uku O ne. Wato in ka buga kalmar "so" da Hausa, ka riga ka yi kashi biyu cikin uku na kiran neman agaji. Waɗanda suka taɓa shiga sun san ba ƙarya.

Soyayya kuwa tun farko take bin wayar nan. A 1879 wata ma'aikaciyar tangaraho, Ella Cheever Thayer, ta fitar da littafin labari mai suna Wired Love, a kan budurwar da ta kamu da son wani ma'aikaci a wata tasha ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Ashe soyayyar Facebook ta girmi Facebook da shekara 125. Shi ma Thomas Edison, wanda kunnensa ke da nauyi, ya koya wa Mina Miller Morse, a tafin hannunta ya buga mata neman aure, ta buga masa amsa, suka yi aure a 1886.

ƘA'IDAR LOKACI

Morse abu biyu ne kacal: gajeren sauti da dogo. A takarda ana rubuta su ɗigo da ja, a baki kuma mu ce "di" da "daa". Duk sirrin yana cikin awon lokaci:

Ɗigo awo 1 ne.
Ja awo 3 ne.
Shiru tsakanin sautuka a cikin harafi ɗaya awo 1.
Shiru tsakanin harafi da harafi awo 3.
Shiru tsakanin kalma da kalma awo 7.

Kun ga ke nan shirun ma magana ne. In ka cinye shi, E da T (di, daa) sai su manne su koma A (di-daa).

Ana auna sauri da kalmar PARIS, domin ita da shirun da ke bayanta awo 50 ce cif. Daga nan lissafi ya fito: raba 1200 da adadin kalmomin da kake so a minti, abin da ka samu shi ne tsawon ɗigo a milisakan. Kalma 12 a minti, ɗigo milisakan 100. Kalma 20 a minti, milisakan 60.

Ga haruffan:

A ·–  B –···  C –·–·  D –··  E ·  F ··–·  G ––·
H ····  I ··  J ·–––  K –·–  L ·–··  M ––  N –·
O –––  P ·––·  Q ––·–  R ·–·  S ···  T –  U ··–
V ···–  W ·––  X –··–  Y –·––  Z ––··

Lambobi kuma kowace sauti biyar ce: 1 ·––––, 2 ··–––, 3 ···––, 4 ····–, 5 ·····, 6 –····, 7 ––···, 8 –––··, 9 ––––·, 0 –––––.

An ba E ɗigo ɗaya ne domin ya fi kowane harafi yawa a Turanci. Mu a Hausa A ne sarki, kuma mun yi sa'a shi ma gajere ne. Ku riƙe wannan E ɗin a ranku, za mu dawo kansa.

KUNNEN BAHAUSHE

Ga inda muka fi wasu sa'a. Harshenmu da kansa yana rarrabe gajere da dogo. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, amma a baki na farko gajeren wasali ne, na biyu dogo, kuma ko yaron goye ba ya rikita su. Da wannan awon marubuta waƙa suke gina kari, da irin wannan kunnen kuma tsofaffi suke gane abin da kalangu yake faɗa. Gwada waɗannan kalmomi a hankali, ka saurari gaɓoɓinsu:

"Ado", di-daa, shi ne A.
"Kasuwa", daa-di-daa, shi ne K.
"Mota", daa-daa, shi ne M.
"Nesa", daa-di, shi ne N.
"Wurare", di-daa-daa, shi ne W.

Wannan don buɗe kunne ne kawai. Kada ka tsaya haddace jadawali da ido kamar za ka shiga jarrabawa, domin in sauti ya zo da sauri ba ka da lokacin ƙirga ɗigo. So ake ka ji daa-di-daa, hannunka ya rubuta K ba tare da ya nemi izinin ƙwaƙwalwa ba.

Saura matsala ɗaya: ɓ, ɗ, ƙ da 'y ba su da gurbi a Morse, alhali "baki" daban, "baƙi" daban. Amma bokon Hausa bai damu da P, Q, V da X ba. Huɗu babu gida, gida huɗu babu kowa. Shawarar da muke bi a ɗakinmu ita ce Q ya tsaya wa ƙ, V ya tsaya wa ɓ tunda shi B ne a juye, X ya tsaya wa ɗ tunda shi D ne da aka ƙara wa jela, P kuma ya ɗauki 'y. Ba doka ba ce, yarjejeniyar ɗaki ce, sai ka sanar da wanda kake magana da shi.

SU WANE NE MASU SHA'AWA?

Da jiragen ruwa da gidajen waya suka ajiye Morse, waɗanda suka riƙe shi su ne masu rediyon sha'awa, waɗanda Turawa ke kira "ham". Mutane ne da gwamnatin ƙasarsu ta ba lasisi su kafa 'yar tashar kansu a gida, su yi magana da junansu a faɗin duniya don koyo da gwaji, ba don kuɗi ba. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a Paris a 1925, suna bikin ranarsu kowace 18 ga Afrilu, kuma Nigeria Amateur Radio Society ce ke wakiltar ƙasarmu a cikinta. Kowa yana da lambar kira da ke nuna ƙasarsa: ta Najeriya tana farawa da 5N, Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake jin BBC ko Muryar Jamus ya san "gajeren zango, mita 41". To dab da nan, daga megahaz 7.0 zuwa 7.2, filin masu sha'awa ne na mita 40, kuma Morse yana can ƙasa-ƙasa, wajen 7.000 zuwa 7.040. Akwai wani filin a mita 20, daga megahaz 14.000 zuwa 14.350. Abin da ke kai sautin nesa shi ne wani rufi na iska mai ɗauke da caji a sama, kilomita 200 zuwa 400, wanda ke tanƙwaro igiyar rediyo ta dawo ƙasa can wata nahiya. Da rana akwai wani rufin a ƙarƙashinsa da ke shanye ƙananan zanguna, da dare sai ya watse. Shi ya sa mita 40 ta fi tafiya bayan isha'i.

Me ya sa Morse ya fi murya nisa? Murya tana cin faɗin kusan haz 2400 zuwa 3000, Morse kuwa 'yan ɗaruruwa sun ishe shi. Ƙarfin da ka tara a ƙaramin wuri ya fi ratsa hayaniya, kamar fito a tsakiyar kasuwa. Da wat 5, wato abin da batirin babur zai ɗauka ba ya ko nishi, mutane suna tsallake teku.

Suna da gajerun kalmominsu. CQ: ina kiran duk mai ji. DE: daga. K: bismilla, na ba ka fili. QTH: inda nake. QRS: rage sauri. QSL: na samu. YL budurwa ce, XYL matar aure. A sallama ana buga 73, wato gaisuwa da fatan alheri. Akwai kuma 88, wadda ba kowa ake buga wa ba, domin ma'anarta ƙauna da sumba. Duka biyun sun fito ne daga jerin lambobin da kamfanin Western Union ya tsara wa ma'aikatansa a 1859.

Dokarsu kuma a fili take: ba ciniki, ba kiɗa, ba ɓoye ma'ana, kuma dole ka faɗi lambar kiranka. Duk abin da ka buga, kowa na iya ji daga Kano har Japan. Wato soyayya a wannan fage irin zancen ƙofar gida ce, ana ganinku, ba ta lungu ba.

FITILA DA FAIFAI

Ƙauyenmu yana arewacin Kano, a ƙasar Dambatta, 'yar tafiya kaɗan daga titin da ya bi ta Kazaure zuwa Daura. Wanda ya san yankin ya san ba mu da jeji. Gona ta dafa gona, unguwa na hango unguwa, ɗorawa da gawo da kuka a tsakiyar shuka, ko taƙi ɗaya ba a bari ya kwana banza. Da damina in gero da dawa suka miƙe, ko rumbun maƙwabci ba ka gani. Da kaka kuwa in aka yi girbi aka kwashe kara, ka kunna tocila a ƙofar gidanmu, mutanen unguwar gaba suna ganinta tar.

Kakana, Baba Tsoho, ya shiga soja lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, aka sa shi a sashen sigina, can ya koyi Morse. Bayan yaƙi ya zo hutu gida ya ga kakata, Inna, tana tallar ƙuli-ƙuli ranar kasuwa. Ta yi firamare har aji huɗu, abin da a lokacin ake nuna yarinya da yatsa a kansa. Ya nemi izini ya fara zuwa zance. Ƙofar gida, tabarma, ƙannenta biyu a gefe sun zuba ido, ita kuma kai a sunkuye tana tonon ƙasa da tsinke.

"Sati biyu ina zarya," in ji shi, "ban da ina wuni da sai da safe, ban san kalar muryarta ba."

Da ya ga baki ya ƙi buɗuwa sai ya yago takarda ya rubuta mata haruffan nan, ya ce wasan sojoji ne. Nan suka ci karo da abin da kowane ɗalibi ya kamata ya sani: ƙwanƙwasa ba ta da tsawo. Fito yana da dogo da gajere, haske ma haka, amma in ka bugi ƙwarya, "ƙwas" ɗaya ce. Sai suka yi dabara: ɗan yatsa ɗigo, tafin hannu ja. Kafin hutun ya ƙare, yarinyar da ba ta iya haɗa ido da shi ba tana ba shi labari a bayan ƙwarya, ƙannenta na tsammanin kiɗa take koyo.

Hutu na gaba ya faɗo bayan girbi, ya dawo ya tarar da labari ya canza. Wani mai sayen gyaɗa, mai sabon keke, ya shigo, kuma mahaifinta ya fara karkata. A al'adar lokacin in aka tambayi budurwa ta yi shiru, an ɗauka ta yarda, Inna kuwa shiru ne sana'arta. An kuma dakatar da zance har manya su yanke magana. Saura kwana biyu ya koma bariki. In ya tura iyayensa aka dawo da goronsu, kunyar ta gidan duka ce. In bai tura ba, ya rasa ta.

Da dare ya tsaya gindin ɗorawar ƙofar gida da tocilarsa ta soja, ya fuskanci unguwarsu, ya buga: IN TURO. Shiru. Ya sake. Sai a karo na uku ya ga haske ya ƙyalla sau ɗaya ya ɗauke. Ya ce a ransa ƙila wata ce ta fito da fitila duba kaji. Ya sake bugawa, haske ya sake ƙyallawa sau ɗaya tak. Ita ce, ta rufe fitilar ƙwai da faifai, ta ɗaga ta mayar. Ɗigo ɗaya. E. Harafi mafi gajarta a Morse shi ne cikakkiyar amsa a Hausa.

Washegari ta samu gwaggonta ta faɗa mata wanda take so, gwaggo ta kai wa mahaifin, manya suka shiga da goronsu, aka sa rana. Har yau in ya tuna sai ya dube ni ya ce, "Ka gode wa Allah rani ne. Da damina ce, dawa ta tare hanya, da yanzu ɗan gyaɗa ne kakanka."

Da ya bar soja ya koma gona, amma kunnen bai bar aiki ba. Bai taɓa mallakar na'urar aikawa ba, sauraro kawai yake, da wata dabara da 'yan sashenmu za su so. Rediyon gida ba ya fitar da Morse da kyau, sai dai ka ji "fuf, fuf" kamar ana hura wuta, domin babu sautin da ke kan igiyar. Shi sai ya jera rediyo biyu kusa da juna. Na farko ya kama tashar, na biyu ya rage masa murya ya riƙa murɗa shi a hankali. Kowane rediyo irin wannan yana da 'yar osiletarsa a ciki, wadda galibi take gudu kilohaz 455 sama da inda allura ta nuna. In ta zo dab da tashar, sai su gauraya, bambancinsu ya fito a matsayin fito mai daɗi. Da haka ya cika littattafai da lambobin kiran mutanen Turai da Amurka ta Kudu, yana zaune a zaure, jaki na kuka a waje.

Akwai kuma wata ɗabi'a tasa da muka tashi muka gani. Kullum in ya gama cin tuwon dare, kafin a ɗauke kwano, sai ya bubbuga murfin: tafi uku, yatsa biyu, tafi uku, yatsa biyu. Kowa ya ɗauka alamar a zo a ɗauka ce.

Shekara uku da suka wuce, ana tsakiyar noma, Inna ta faɗi. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Aka kai ta asibiti a birni. Likita ya yi mana bayani cewa ciwon iri-iri ne: wani yakan taɓa inda kalmomi suke a ƙwaƙwalwa, mutum ya rasa su gaba ɗaya, wani kuma naman baki da harshe kawai yake kamawa, kalmomin na nan ba su da ƙofar fita. Ba a san nata ba tukuna. Baba Tsoho ya ja kujera ya kama hannunta na hagu.

"Hajiya, kina ji na?"

Ya ɗan yi jim, sannan ya ɗago ya ce mana, "Ta ce e."

Matsa hannu, ba kamar ƙwanƙwasa ba, yana da dogo da gajere. Muna tsaye muna kallo yatsunta suna motsi a hankali, shi kuma leɓensa na bin su: di-daa, di-daa-daa, di-daa, daa-di-daa, di-di. AWAKI. Matar da ta kwana biyu ba a san ko tana gane mutane ba, tambayarta ta farko wa ke ba awakinta dusa. Tsohon ya juya fuska wajen bango, ya daɗe yana gyaran hula.

Ba kowane mai wannan ciwo zai iya haka ba, kuma ba ya maye gurbin magani da gashi. Amma ga wanda kalmominsa ke nan, hanya ce ta gaske. Shi ya sa a 2018 Google ya sa Morse a cikin allon rubutunsa na Gboard, tare da wata Ba'amurkiya, Tania Finlayson, wadda da shi take magana tun tana ƙarama. A gidanmu yanzu har yara sun iya E, A'A, RUWA da SALLA. Maganar Inna ta ɗan dawo, amma in ta gaji hannu take miƙowa.

Nan ne ni ma na zauna na koya. Da kunnena ya buɗe, wani dare aka gama tuwo, na ji murfin kwano: daa-daa-daa-di-di, daa-daa-daa-di-di.

Na ce, "Baba Tsoho, wannan takwas-takwas ɗin fa?"

Ya ce, "Buhunan gero nake lissafi. Tashi ka ba ni wuri, ja'iri."

Inna, wadda tun ina yaro take kirana maigidanta, ta yi dariya da rabin baki, ta kamo hannuna ta matsa: di-daa, di-daa. A'a. Shekara hamsin mutumin nan yana faɗa wa matarsa abin da kunya ba ta bar bakin dattijon Bahaushe ya faɗa ba, a gaban 'ya'ya da jikoki da surukai, ba wanda ya ji sai ita.

HAƊA TAKA NA'URAR

Kayan duk ana samunsu a Sabon Gari: guntun 555, razisto biyu, na kilo-om 1 da na kilo-om 10, kafasito na maikrofarad 0.1 da na 10, ƙaramar sifika, da batir mai bolt 9. Ƙafa ta 1 ta tafi ƙasa, ta 4 da ta 8 su tafi wuta. Razisto na 1 tsakanin ƙafa ta 8 da ta 7, na 10 tsakanin ta 7 da ta 6. Haɗa ta 6 da ta 2, ka sauke su ƙasa ta kan kafasito na 0.1. Ƙafa ta 3 ta bi ta kafasito na 10 zuwa sifika. Lissafin sautin shi ne 1.44 a raba da (R1 + 2R2) × C, wanda zai ba ka kimanin haz 686, daidai inda kunne ya fi so. Maɓalli kuwa, karyayyen zarton ƙarfe a ɗaure a katako, da kan ƙusa a ƙarƙashinsa, a sa shi a layin batir. Shi ke nan.

Wajen koyo, bi hanyar Ludwig Koch, wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam: fara da harafi biyu kawai, K da M, amma da cikakken sauri. In kana kama 9 cikin 10, ƙara ɗaya. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Ku zama biyu, ɗaya na bugawa ɗaya na rubutawa.

Sauraro ba ya bukatar ka sayi komai. Jami'ar Twente da ke Holan tana da rediyon gajeren zango da kowa zai iya murɗawa ta intanet, nemi WebSDR ka sauka a 7.020 da dare. In ka je gida hutu kuwa, ƙauye ya fi birni, domin babu hayaniyar janareto da inbata da cajar waya. Eriya mai reshe biyu, tsawonta a mita shi ne 143 a raba da megahaz: a mita 40 kimanin mita 20 ke nan, 10 kowane ɓangare. Turaku kuwa Allah Ya riga Ya kafa mana su a kowace gona.

HATTARA

Na ɗaya, sauraro daban, aikawa daban. Kada ka kunna na'urar aikawa sai da lasisin hukumomin sadarwa na tarayya. Tun taron Geneva na 2003 dokar duniya ta daina tilasta jarrabawar Morse kafin a ba da lasisi, an bar wa kowace ƙasa zaɓi, amma lasisin kansa yana nan daram. Na biyu, eriya ta yi nesa da wayar wutar lantarki, kuma in hadari ya haɗu ka cire ta daga rediyo. Na uku, zamanin Baba Tsoho ba namu ba ne. Yau in aka ga tocila na ƙyafta ido a gona da tsakar dare, 'yan sintiri ba za su ce soyayya ba ce. Ka sanar da mai unguwa, ko ka yi atisayenka a tsakar gida.

Mai tambayar amfanin duk wannan a zamanin data, ya tuna Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna saboda tsaro, mutane suka riƙa tafiya mai nisa don su ce wa 'yan uwa suna lafiya. Ya kuma tuna guguwar Maria ta 2017 a tsibirin Puerto Rico, inda turakun waya suka zube, masu rediyon sha'awa suka taya hukumomin agaji isar da saƙo. Ƙasa tana bukatar matasa masu lasisi da horo, waɗanda za su iya haɗa waya da batir su yi magana in komai ya ɗauke. In ba a kwalejin fasaha aka same su ba, a ina za a same su?

AIKIN GIDA

Duk mai sha'awar mu kafa ƙungiyar koyo, mace ko namiji, daga kowane sashe, ya ajiye sunansa a ofishin ƙungiyar ɗalibai. In mun kai goma za mu nemi malami ya tsaya mana, mu nemi ɗaki. Kafin nan ga saƙo ku warware, kuma ku tuna yarjejeniyar ɗakinmu a kan X:

··· ·– ·· / –– ··– –· / ···· ·– –··– ··– / ––··· ···––

Ɗayar lambar kuwa, kowa ya san wa zai buga wa, bayan manya sun shiga.